Igiyar Da Ke Cikin Jakata

Kafin ku fara tausaya min, ku bari in gaya muku abin da ke cikin jakata a kwanakin da wannan abu ya faru. Akwai hoda, akwai cajar waya, akwai jan biro na gyaran aikin yara, da wata alewa da ta narke tun ban san yaushe ba. Can ƙasa kuma, a aljihu mai zif, akwai igiyar tsalle mai jajayen mariƙai, ɗaya ya tsage an ɗaure shi da zaren ɗinki. Ba tawa ba ce. Ta wata yarinya ce 'yar shekara bakwai, kuma ni na raba ta da ita da hannuna, ina murmushi.

Masu turo min saƙo suna cewa Allah ya ba ni haƙuri da dangin miji, na gode, amma ku dakata. Ku karanta wannan tukuna, sannan ku ga wanda ya kamata a ba haƙurin.

Ga wanda bai san ni ba, malamar aji biyu ce ni a wata ƙaramar firamare. Na kusa talatin, kuma ko na manta Umma ba ta mantawa. Ƙannena mata biyu suna ɗakunansu, ƙaramar har da goyo. Ni na rage a gida, ni da tsohuwar kujerar falo, ita ma kujerar an fara maganar fitar da ita.

Yarinyar, Walƙiya ake kiranta, a gida da makaranta, har mutane sun manta sunanta na gaskiya. Ba ta san tafiya ba sai gudu. In ta zauna ƙafa na kaɗawa, fensir ya zama makaɗi, benci ya zama doki. Ranar da malamar aji ɗaya ta miƙo min ita cewa ta yi, "Ga kayanki nan, kan nan babu komai sai iska." A lokacin ko baƙi biyu ba ta iya haɗawa.

Babanta mai gyaran firji ne, shagonsa na bakin babban titi kusa da masu wankin mota. Matarsa ta rasu yarinyar na da shekara huɗu. Ya zo ranar ganawa da iyaye da tabon mai a aljihun riga, ya zauna a kujerar yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa.

"Malama, ki gaya min gaskiya," ya ce. "Ni in firji ya ƙi sanyi na san inda zan taɓa. Wannan ban san inda zan taɓa ba."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Haka na fara zuwa gidansu karatun yamma.

Kwanakin farko wahala ce zalla. Ina nuna mata baƙi tana kallon ƙadangare a katanga. Wata rana kaina ya ɗau zafi, na ce ta tashi ta ba ni wuri in sha ruwa. Ina zaune a falo sai na ji ƙarar igiya a simintin tsakar gida, tas, tas, tas, da wata 'yar murya tana bin ta.

"Uku sau huɗu sha biyu, uku sau biyar sha biyar, uku sau shida sha takwas."

Lissafin da na koyar a aji da safe ne, lokacin da na rantse tagar kawai take kallo. Na fito da kofin a hannu.

"Ke, wa ya koya miki wannan?"

"Ke mana, Anti." Ba ta ma tsaya ba.

"To ɗazu da na tambaye ki me ya sa kika yi min shiru?"

"In na zauna guduwa suke yi. In ina tsalle sai su dawo."

Ba sabon abu ta gaya min ba. A kwalejin horon malamai muna da wani tsohon malami mai yawo a gaban aji hannu a baya, kullum maganarsa ita ce ƙwaƙwalwa a cikin jiki take, ba a akwati aka ajiye ta ba. In jiki ya motsa zuciya ta buga, jini ya kai wa ƙwaƙwalwa abin da take buƙata, hankali ya taru, abin da aka koya ya fi zama. Yaron da ya yi gudu ya yi gumi ya fi kama karatu a kan wanda aka dasa a benci tun safe. Na rubuta wannan a jarrabawa, na ci, na manta. Alhali ni kaina ban taɓa haddace komai a zaune ba, zagaye tsakar gidanmu nake da littafi har Umma ta ce ina sa ta jiri.

Washegari na zo da alli. Na zana manyan akwatuna a siminti, kowanne da gaɓarsa. In na ce kaza, ta dira kan ka, ta dira kan za. In na ce takalmi, sai ta tsaya da ƙafa ɗaya tana nema, harshe a waje. Lissafi kuwa da igiya muke yinsa. Abin da ya fi ba ni mamaki, in ta yi gumi ta sha ruwa, da kanta take ɗauko littafi ta zauna, ta daɗe ba ta motsa ba. Babanta ya ce har barcinta ya gyaru.

Ba a jima ba saƙonsa ya shigo ina tsakiyar wanke-wanke.

"Malama, yau ta karanta allon shagona. Ashe mai rubutun ya cinye min harafi ɗaya tun da aka kafa shi, duk titin nan ba wanda ya gaya min."

Na rubuta masa, "Sai ka biya ta ladan gyara."

"Ita na biya ta da biskit. Ke ce ban san da me zan biya ki ba."

Na karanta wannan saƙon har kumfa ta bushe a hannuna. Daga nan kun san sauran. Malama ta koma ranki ya daɗe, ni ma na ƙara ɗan fure a gaban sunansa a wayata. Mutum ne marar yawan magana, in ya rako ni bakin titi shi ke bin gefen motoci. A irin wannan rakiyar ya gaya min igiyar nan ita ce abu na ƙarshe da mahaifiyar Walƙiya ta saya mata kafin a kwantar da ita a asibiti. Shi ya ɗaure mariƙin da zare da ya tsage, don yarinyar ta ƙi yarda a sayo sabuwa. Ku riƙe wannan, don ni ma na san shi lokacin da na yi abin da na yi.

Da magana ta fara ƙarfi, Hajiya mahaifiyarsa ta taso daga gidan babban ɗanta ta zo ganin wadda za a kawo. Ba wanda ya gaya min ranar. Ina sanye da doguwar riga ruwan ganye, na ɗaure mayafi a ƙugu, takalmana na gefe, Walƙiya ta tsokane ni wai ba zan iya ƙirga goma-goma har ɗari ina tsalle ba. Ina kan saba'in aka turo ƙofa.

Tsohuwa ce doguwa, da sanda, da farin gilashi. Ta dube ni tun daga ɗankwalin da ya zame har ƙafafuna da suka yi fari da alli.

"Wace ce wannan?"

"Anti ce, Kaka. Ita ce malamata."

Na zube ƙasa, igiyar na hannuna. "Sannu da zuwa, Hajiya. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ci gaba da wasanki, kar in katse ki."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata. Da baban Walƙiya ya dawo ba ta jira na tafi ba. Ta ce yarinya ta tashi ba mai kwaɓa, mace har mace tana dira kamar ɗan akuya, ga ƙarar igiyar nan tana sara mata kai. Ta ce daga yau karatu a tebur, kamar 'ya'yan mutane. In kuma ba ta ci jarrabawar ƙarshen shekara ba, Gwaggonta za ta zo ta tafi da ita, can za ta koyi zama. Gwaggon yayarsa ce, garinsu tafiyar yini guda.

"Hajiya, ai tana ƙoƙari," ya ce, kansa a ƙasa.

"Ban tambaye ka ba."

Ya rako ni. Sai da muka kai bakin titi ya ce, "Ba zan iya musu da ita ba, kin sani. Amma ku ci gaba yadda kuke yi, ko a filin bayan gidan nan ne, ba za ta ji ba. In aka ɗauke yarinyar nan ban san me zan dawo gida in tarar ba. Da ke na dogara."

Na ce masa kar ya damu.

Labari ya riga ni isa gida. Na tarar da Umma tana guga, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"An ce an same ki kina tsalle."

"Umma, karatu ne. Yarinyar ba ta ganewa sai..."

"A shekarunki. A gaban uwar mutum. Ke in ba ki jin kunya ni ina ji." Ta juya rigar ta danna mata dutsen guga. "Kin san bakin da na sha a kanki? Yanzu Allah ya kawo mai hankali, mai sana'a, za ki kore shi da ƙafarki. Ki nutsu. Abin da tsohuwar nan take so shi za ki yi."

Ta rage murya, irin ragewar da ta fi faɗa ciwo.

"Kuma ni in ta tawa ce, tafiyar yarinyar nan wurin gwaggonta ba abin kuka ba ne. Ki shiga gidanki ke da mijinki, ki haifi naki."

"Haba Umma."

"Na ce wani abu ne? Alheri nake nema miki."

Ga inda nake so ku saurara da kyau. Da zan ce muku tsoron Hajiya ne kawai, ko matsin Umma, da kun yafe min, ni ma da na samu barci. Amma maganar nan ta samu wurin zama a zuciyata. Na hango gidan shiru, labulena a taga, ba ƙaramin takalmi a tsakiyar falo, ba hoton wata mata a ɗakin yarinya. Na hango, kuma ya yi min daɗi. Ban ce ina so ta faɗi ba, wallahi ban taɓa faɗa ba ko a raina. Na dai daina damuwa da ta ci.

Washegari na je da doguwar riga ruwan toka da babban mayafi har gwiwa. Na gaida Hajiya, na ɗebi ruwa a bokiti na wanke akwatunanmu tas, tana kallona ta taga. Walƙiya na tsaye da igiya a wuya.

"Anti, sabbi za mu zana?"

"Kawo igiyar nan."

Ta miƙo min da hannu biyu, tana zaton wasa za mu fara. Na naɗe ta na sa a jaka na ja zif. Na durƙusa daidai tsayinta, na yi mata murmushin da nake yi wa iyayen yara.

"Ajiye miki zan yi. Ranar da kika iya zama kamar manyan 'yan mata, zan dawo miki da ita. Amma kar ki gaya wa Baba, sirrinmu ne ni da ke."

Ta dubi jakar, ta dube ni. "In na zauna sosai?"

"In kika zauna sosai."

Ta zauna kuwa. Ban taɓa ganin yaro ya yi yaƙi da jikinsa kamar yadda ta yi ba. Ta harɗe ƙafafu a ƙafar kujera don kar su kaɗa, ta tura hannu ɗaya ƙarƙashin cinya, ta tauna fensir har ya yi kaca-kaca. Duk ƙarfinta ya tafi wurin zaman, bai rage na karatu ba. In na nuna kaza sai ta ce ka, ta tsaya, idonta ya tafi tsakar gida inda za take a da. A makaranta ma Hajiya ta aiko kar a bar ta fita wasa lokacin tara, ta zauna ta yi bita. Ni aka ba saƙon, ni na aiwatar.

Hajiya kuwa ta sauko. Ta fara ce min 'yata. Ta ba ni turare da mayafi ruwan zuma mai duwatsu a baki, ta kira Umma ta ce ta yaba da tarbiyyata. Ranar Umma har waƙa take yi a kicin.

Wata Asabar na je da rana na tarar da shi a gida, ya fito da komai na ɗakin yarinyar, katifa a jingine, akwati a buɗe.

"Igiyarta ta ɓata," ya ce. "Na tambaye ta ta ce ba ta sani ba. Da me kuke yi kwanan nan?"

"Da akwatunan alli, a filin bayan gida," na ce. Ƙaryar ta fito sumul, ko tuntuɓe ba ta yi ba.

"Taimaka min da fitilar wayarki, ƙarƙashin gadon nan duhu."

Ya kwanta rub da ciki a ƙasa, babban mutum, yana laluben bayan kwalaye. Na durƙusa na haska masa, jakata na rataye a kafaɗata tana taɓa bayansa. Walƙiya na bakin ƙofa. Ta kalli jakar, ta kalle ni, ta sa hannu ta toshe bakinta. Ta riƙe min sirri.

Bayan kwana biyu ya turo saƙo. "Kamar ta yi shiru da yawa kwanan nan. Abinci ma sai na matsa. Ko ba ta da lafiya ne?"

Na rubuta, "Girma take yi." Har da ɗan hoton murmushi na sa.

Ranar jarrabawa ba ni na tsare ajina ba, haka dokar makarantarmu take, malamar aji huɗu aka kawo. Na wuce ta taga kamar mai neman wani abu. Na hango ta a layi na biyu, ta ƙura wa takarda ido. Can sai na ga ƙafarta ta fara bugun ƙasa a hankali, tas, tas, leɓenta na motsi, fensir ya fara tafiya. Sai malamar ta ƙwanƙwasa tebur da rula.

"Wa ke mana kiɗa a nan?"

Ƙafar ta tsaya. Fensir ma ya tsaya. Na koma ofis na zauna ina jera littattafan da ke jere.

Ta faɗi. Ba da nisa ba, amma ta faɗi. Shugabar makaranta ta kira ni, takardar na gabanta.

"Yarinyar nan a tsakiyar zango tana karanta min labari a ofis ɗin nan. Me ya faru?"

"Wallahi, Shugaba, yara ne, sai a hankali."

Ta dube ni ta saman gilashi. Ta ce waɗanda suka faɗi da kaɗan za a sake musu ranar Juma'a, in uba ko uwa sun zo da kansu sun nema. Ta ce in sanar da babanta.

Ban sanar da shi ba. Ranar Litinin ke nan. Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Na ga sakamako. Kar ki sa a ranki, kin yi iya ƙoƙarinki, ni shaida ne. Gwaggo za ta zo Asabar. Hajiya ta ce tunda za a taru, a ranar kawunnaina za su je wurin Kawunki a yi magana. Ban san ko in yi murna ko in yi kuka ba."

Na kifa wayar a kan gado. A falo Umma na waya da ƙanwata suna shawarar kalar da zan sa. Duk abin da na hango ya zo, har da ranarsa, ni kuwa ko ɗigon murna babu a raina.

Talata da tara yara suka watse waje. Ina zaune ina cike sakamako sai na ji mutum a gefena. Ban ji zuwanta ba, ita da ake jin tahowarta tun daga bakin ƙofar makaranta. An yi mata sabon kitso, na tafiya.

"Anti."

"Na'am."

"Kaka ta sa kayana a akwati. Ta ce a gidan Gwaggo ba a tsalle." Ta haɗa hannuwa a baya, ta tsaya cak. "Ki riƙe min igiyar a wurinki, kar ki ba wata. Ta Mamana ce."

Na kasa ɗagowa.

"Na san ban zauna sosai ba," ta ce. "Ranar jarrabawa ƙafata ta motsa, sau ɗaya ne, ban sani ba. Shi ya sa na faɗi, ko? Ki yi haƙuri. Ban gaya wa Baba ba."

Jama'a, ni take ba haƙuri.

Ban san me na ce mata ba. Na dai san na shiga banɗakin malamai na kunna famfo don kar a ji ni. Da na fito na je na ce wa Shugaba ina da uzuri, na tari abin hawa zuwa babban titi. A hanya na lissafa abin da zan rasa: shi, da Asabar, da fuskar Umma, da 'yata da Hajiya ke ce min. Sau biyu na buɗe baki zan ce a juya.

Na same shi a durƙushe bayan wani babban firji, wayar wuta a baki, hannu duk baƙin mai. Ya gan ni ya miƙe yana murmushi, yana goge hannu da tsumma.

"Ranki ya daɗe, da rana haka? Lafiya?"

Na zuge zif. Na ɗora igiyar a kan teburin aikinsa, tsakanin sukurdireba da filaya.

Ya daɗe yana kallonta. Ya ɗauka, ya shafa zaren da ya ɗaure da hannunsa, fuskarsa ta washe.

"Alhamdu lillahi. A ina kika samo ta?"

"Ba samo ta na yi ba."

Na gaya masa komai a tsaye, masu wankin mota na ta feshin ruwa a gefe. Bokitin da na wanke siminti da shi, da sirrin da na ɗora wa 'yarsa, da hana ta fita wasa, da filin bayan gidan da ba mu taɓa zuwa ba. Na gaya masa maganar Juma'a, da cewa tun jiya na sani. Har abin da Umma ta ce na faɗa, ban kuma laɓe a bayanta ba, na ce masa na hango gidan babu yarinyar kuma ya yi min daɗi.

Bai yi faɗa ba. Da ya yi da na ji sauƙi. Ya naɗe igiyar a hannunsa a hankali, zagaye bayan zagaye.

"Ranar da nake nema," ya ce, "ke kika haska min ƙarƙashin gado."

"Ni ce."

"Tana ina a lokacin?"

"A kafaɗata."

Ya gyaɗa kai. Ya kashe fanka, ya tura firjin ciki, ya jawo ƙofar shago ya sa kwaɗo, rana tsaka, ga mai kaya yana jira. Ya cusa igiyar a aljihu, jajayen mariƙan na leƙowa. Ya hau babur ya tayar. Ina tsaye da jakata da ta zama ba nauyi, ban san inda zan sa idona ba.

"Zan je wurin Shugaba," ya ce, ba ni yake kallo ba, titi yake kallo. "Daga nan zan je in gaya wa Hajiya abin da ban taɓa gaya mata ba tun da ta haife ni. Maganar Asabar kuma kar ki tambaye ni, don ban sani ba."

"To."

"Ban yafe miki ba."

"Na sani."

Babur na ta ƙugi, bai tafi ba. A jakata waya ta fara ruri, na san Umma ce, tun safe take so in zaɓa tsakanin ruwan hoda da ruwan zuma. Ya ɗan juyo, idonsa ya yi ja.

"Daga yau zuwa Juma'a kwana nawa ne ma, ni ban iya zanen akwatunan nan ba. Akwai alli a jakar taki, ko shi ma kin ɓoye?"

Na laluba ƙarƙashin hoda da caja da wayar da ba ta daina ruri ba. Guntu ɗaya na samu, bai kai ɗan yatsa ba. Na ɗaga masa shi.

Ya matsa gaba kaɗan a kan sirdin.